Fawul biyu kafin hutu: abin da ke cinye mintunan 'yan gaba a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Koci Zazzau: 'Yan'uwa, duk wanda ya horar da yara ko ya hura usur, ya kawo abin da ya gani. Yaranmu masu buga lamba uku da lamba huɗu, wato 'yan gaba, suna samun gurbi a jami'o'in Amurka, amma rabin shekarar farko a benci suke yin ta, kuma ba don rashin iyawa ba. Wasan maza na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, zango biyu ne, minti 20 kowanne, fawul biyar an fitar da kai. Yawancin masu horarwa da zarar yaro ya yi biyu a zangon farko sai su zaunar da shi har hutu. In ya yi su cikin minti shida, ya yi asarar 14. Wasa talatin da 'yan kai ne a kaka, ga shi masu neman 'yan wasa sai wanda ke fili suke gani. Daga ina fawul ɗin nan suke fitowa?

Mai Usur: Koci, na farko hannu ne. Yaron da ya saba da wasan unguwa yana tare mutum da tafi, ya ɗora masa a ƙugu yana binsa. A can, hannu biyu a jikin mai ƙwallo fawul ne nan take, haka hannu ɗaya da ya zauna a jiki. A ƙarƙashin kwando, in abokin karawa ya ba ka baya, ana ƙyale damtse ɗaya a lanƙwashe. Yana juyowa ya fuskance ka, janye shi. Da yawa a wannan juyin ake kama su, domin damtsen ya manta a wurin.

Na biyu tsalle. Doka ta ba mai tsaro damar tashi sama a miƙe, hannuwa a sama, ko da an yi karo. Amma da hannun ya sunkuyo gaba don a doke ƙwallo, haƙƙin ya tafi. Dogo mai dogon hannu ba ya buƙatar dukan. Tsayuwarsa kaɗai tana ɓata jifa.

Tsohon Lamba Huɗu: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai a ƙara da taimako a makare. Akwai rabin da'ira ƙarƙashin kwando, ƙafa huɗu daga tsakiyar zobe. Wanda ya zo taimako ya tsaya cikinta a ƙasa, aka banke shi, shi ke da laifi. Tun kakar 2023-24 kuma an ƙara tsananta abin: sai ka riga ka kafu kafin mai ƙwallo ya dasa ƙafar da zai yi tsalle da ita. Saboda haka in ka ga ka makara da taki ɗaya, zaɓi biyu gare ka, ko ka tashi a miƙe ko ka bar shi ya ci maki biyunsa. Maki biyu sun fi minti goma a benci arha.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne fawul na neman ƙwallon da ta dawo daga kwando. An riga an tare ka, ka hau bayan mutum. Ko ka zubar da ƙwallo, haushi ya sa ka kai hannu a can ƙarshen fili, mita ashirin da wani abu daga kwandonku. Babu abin da irin wannan ya tsare.

Yaya Mai Lissafi: Kada a manta da shinge, wato tsayuwar da ɗan wasa ke yi don ya tare wa abokinsa mai tsaron da ke binsa. Lamba huɗu shi ke yawan tsayawa don a kewaye shi. In mai ƙwallo ya taho kafin ya kafe ƙafafunsa, ko ya fitar da ƙugu ya tare mai bi, an hura masa. Rabin laifin na mai ƙwallo ne, amma a kan mai shingen ake rubutawa. Ƙafafu faɗin kafaɗa, hannuwa a jiki, a tsaya cak har mutum ya wuce.

Mai Usur: Ga kuma bambancin da ke rikita wanda ya taso da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. A nan kowane zango na minti 10 ana share lissafin fawul na ƙungiya. A can yana taruwa har minti 20. Daga fawul na bakwai ana ba abokan karawa jifan kyauta ɗaya, in ta shiga a ƙara ɗaya, daga na goma kuma jifa biyu. Shi ya sa koci ba ya haƙuri da ƙaramin fawul. Haka taɓa ƙwallo tana kan zobe: FIBA ta yarda bayan ta bugi zoben, NCAA ba ta yarda ba. Wannan ba fawul ba ne, amma in mai tsaro ne ya taɓa, ana ba abokan karawa makin.

Koci Zazzau: To ga abin da ke aiki a atisaye. A ba yaro tawul ya riƙe bakinsa biyu a bayan wuya, ya tare mai ƙwallo da ƙafa kawai, daƙiƙa 30 sau shida, daidai da agogon jifa na can. Sai a jefo masa mutum daga layin maki uku sau goma, ya tashi a miƙe, wani yana hura usur da gaske. In ya riga ya yi ɗaya da wuri, a sauya masa wanda yake tsaro zuwa wanda ba ya kutsawa. In ya yi biyu, wasu kocin suna dawo da shi bayan hutun talla na minti huɗun ƙarshe, su koma tsaron yanki, su ajiye shi a gefe maimakon tsakiya.

Tsohon Lamba Huɗu: Koci, tawul ɗin ya zama gajere. In ya yi tsawo, gwiwar hannu tana buɗewa, yaro ya koyi tare mutum da ita.