Wai kurmin Asante baƙo ne?

Malam Sani: Assalamu alaikum. Jiya a wurin suna a Aboabo na faɗi wata magana, dattawa suka yi mini dariya a gaban ɗalibaina, kuma har yanzu abin yana cina. Cewa na yi kurmin da ya kewaye Kumasi baƙo ne a wannan ƙasa ta Gana. Tafkin Bosomtwe, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, yana tara laka shekara bisa shekara. Ƙurar furannin da masana suka tono daga lakar ta nuna cewa wajen shekara 20,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, ruwan sama ya ja baya a nan har ciyawa ta mamaye bakin tafkin. Itatuwan kurmi sun laɓe ne a 'yan wurare masu damshi, irin su Ankasa da Aksim a kudu maso yammacin Gana, da wani sashe na Laberiya, daga can suka sake bazuwa da ruwa ya dawo. Waɗanda suka zauna a mafaka sun fi yawan bambancin ƙwayoyin gado, domin na sabon wuri iri kaɗan ne ya haife su. Saboda haka duk kurmin da 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, suka tone a kudu maso yamma, rumbun iri ne aka ƙona mana.

Alhaji Garba: Wa'alaikumus salam. Malam, kalmar baƙo ba abar wasa ba ce a Zango. Da ita gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori mutane daga Gana a 1969, kuma ina yaro na ga an ɗora maƙwabtanmu a manyan motoci da tabarmi da tukwanensu. Kakanninmu da suka zo fataucin goro a tsaye suka iske kurmin nan. Itacen da zuriyarsa ta shekara dubbai a wuri ɗaya ɗan gida ne.

Hajiya Rabi: Gaskiyar Alhaji ce. Idan kurmi baƙo ne, mu da muka zo bayansa me za a kira mu?

Malam Sani: Baba Alhaji, ban nufi mutane ba. Ina maganar yadda fari ya raba itatuwa gida-gida har jinin kowane gida ya bambanta.

Auwalu daga Nima: Baba, ku yi wa Malam adalci. Mu a Akara muna ganin shaidar da idonmu. Wanda ya tashi daga nan ya nufi Togo da Benin, fili da ciyawa zai bi har bakin teku, kuma wannan giɓin ya sake buɗewa ne wajen shekara 4,000 da suka wuce, ya raba kurminmu da na Najeriya da Kamaru. Itacen da aka raba shi da ɗan'uwansa haka dole zuriyarsu ta sha bamban. Mutanen Kumasi ne dai ba sa son a ce wani abu nasu daga wani wuri ya zo.

Hajiya Rabi: Auwalu, ɗana, wanda garinsa ba shi da inuwa ba shi ne zai koya mana zancen kurmi ba.

Isuhu kafinta: Ni a kasuwar katako ta Sokoban nake aiki. Katakon odum da ake kawo mana ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani duhu da nauyi, zarto ma yana faɗa maka. Masana kuma sun ce odum jinsi biyu ne a Gana. Akwai ƙwaron da ke kumbura ganyen dashensa har ya tsumbure, amma wani dashen yana jurewa, shi ya sa masu binciken gandun daji a Fumesuwa kusa da Kumasi suke neman iri daga wurare dabam-dabam. Wannan ya dace da maganar Malam.

Alhaji Garba: Isuhu, da Hausa loko ake cewa. Odum sunan Asante ne.

Isuhu kafinta: Alhaji, duk wanda ya shiga kasuwar katako ya nemi loko, haka zai fita hannu rabbana.

Auwalu daga Nima: To Baba, ke nan sunan loko shi ne baƙo a Kumasi.

Malam Tanko, shugaban zaure: Zan taƙaita, domin dare ya yi. Jama'a sun gamsu cewa kurmin Asante ɗan gida ne, kuma Alhaji ya kawo hujjar da ya gani da idonsa, wadda ta fi ta laka ƙarfi. Malam Sani ya janye kalmar baƙo. Auwalu ya nemi gafarar Baba da Hajiya. Zancen galamse da iri za mu ɗaga shi zuwa wani lokaci.

Malam Sani: Malam Tanko, ban janye ba. Ku sa kalmar da kuka ga dama, amma a koma kan maganar Ankasa.