Ina ka taɓa yin sujada? Musayar baitoci daga Ikko

Bakanon Agege (Asabar, bayan Isha):
Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na dawo daga Maroko, ga tsarabarku. Amsa-amo "na" ne, mai shigowa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai sama da ƙasa, Shi ne gatana.
Na je Kazablanka na ga abin mamaki,
Masallaci bisa teku, gani da idona.
Hasumiya mita ɗari biyu da goma,
Na ɗaga kai har hula ta bar kaina.
Sarki Hasan na biyu ya sa aka yi shi,
Igiyar ruwa na bugu, ina zikirina.

A 1993 aka buɗe shi. Rufin ma zugewa yake yi, ka ga sama kana cikin sahu.

Bazazzagin Idi-Araba:
Bakano ya hau jirgi, bana ba mu da sakat.

Ibada ka je yi ko ko awon yadi?
Hasumiya ma sai da ka tsaya ka auna.
Zo Zariya ka ga masallacin Babban Gwani,
Da ƙasa da azara ya tayar, ya gina.
Tun zamanin Sarki Abdulkarimu,
Bakan gizonsa bai ji tsoron damina.

Bakanon Agege:
In ƙasar taku abin taƙama ce,
Don me kuka yafa mata kankare ta kwana?
Awo gadonmu ne, ba ma jin kunya,
Kai da ko Seme ba ka haura ba, zauna.

Ɗan Kurna:
Sai Bakano! Wallahi an gama, a kawo ruwa a yayyafa wa mutumin Zazzau.

Hajiya 'Yar Agadas:
'Ya'yana ku sassauta, ku ba uwa hanya.

Ni Agadas aka yanke cibiyata,
Hasumiyarmu ta laka ta fi ƙarfin rana.
Mita ashirin da bakwai, ba ƙarfe,
Ayarin Bilma da ita suke gane kwana.
Na je Jenne ta Mali ranar yaɓe,
Gari ya fito kakaf tun kafin fitar rana.
Maza na ɗaukar laka, mu muna jan ruwa,
Yara na cuɗa ta da ƙafa, suna murna.
Itacen da ke jikin bango shi ne tsani,
Na yi kuka da na ga abin da hannu ya gina.

Masallacin Jenne da ke tsaye yanzu na 1907 ne, kuma duk shekara sai an sake yaɓe shi, in ba haka ba ruwan sama ya cinye. Ɗana Bakano, wancan naka kuɗi ya yi shi sau ɗaya. Wannan kowace shekara sai mutanen gari sun zuba guminsu.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma kin maimaita "rana" sau biyu. Kai kuma Bakano, gatana, idona, kaina, zikirina, duk "na" ɗin mallaka ce ka liƙa wa kalmomi. Wannan amsa-amon aro ne. Sannan a wane bahari, wato ma'aunin waƙa, kake? Ka fara kamar Mutaƙarabi, ɗango na huɗu ya karye a tsakiya.

Ɗan Kurna:
Malam kullum kai ne alƙali, ba mu taɓa ganin baitinka ko ɗaya ba.

Bazazzagin Idi-Araba:
Gaskiya Malam ya faɗa. Ku duba nawa: auna, gina, damina, kowace kalma da ƙafarta take tsaye.

Ɗan Kurna:
Kai ma ɗangonka na "Babban Gwani" ɗingishi yake yi, don Malam ɗan garinku ne ya kau da kai.

Malam Mai Aruli:
Ni mutumin Sakkwato ne, ɗana. Ga baitin da ka nema:

Ma'auni ga waƙa kamar liƙa sahu,
Idan ya karkace dole ne in nuna.

Bulus na Obalende (Lahadi da yamma):
Na shigo a makare, rigimar aruli ta kusa binne zancen. Ku ba ɗan Wusasa wuri.

Na je Habasha, garin Lalibela,
Coci goma sha ɗaya, ba bulo aka gina.
Dutse guda aka sassaƙa zuwa ƙasa,
Ka leƙa rami ka ga gicciye na kwana.
Na cire takalmi kamar yadda kuke yi,
Na tuna cocinmu na laka, na yi ƙauna.

Cocin Wusasa na 1929 ne, ginin ƙasa irin na magina Hausawa. Yaya Bazazzagi shaida ne.

Bazazzagin Idi-Araba:
Shaida nake, ƙanena.

Ƙasar Najjashi ce ka taka, Bulus,
Da ta ɓoye Sahabbai ranar tsanani, mun tuna.

Malam Mai Aruli:
Ɗango na biyu ya yi tsawo da gaɓa huɗu.

Direban Mile 12 (Talata):
Ina hanyar Ogbomosho da lodin albasa, sai yau na samu caji. Ni ban iya bahari ba, Malam ya yi haƙuri.

Kun je Maroko, kun je Mali da Habasha,
Wa ya shiga Shitta-Bey a cikinku, ya nuna?
Yana nan Ikko kan titin Martins,
Tsakiyar 'yan kasuwa, shekara da kwana.
Aguda da suka dawo daga Brazil suka yi shi,
Na yi Azahar ciki, sanyi ya ratsa jikina.

Tun 1894 masallacin yake. Sarkin Musulmin Turkiyya ne ya ba wanda ya ɗauki nauyin ginin sarautar Bey.

Hajiya 'Yar Agadas:
Shekara talatin ina sayen atamfa a Balogun, ban taɓa leƙawa ba. Allah Ya yi maka albarka, ɗana.

Bakanon Agege:
To Asabar mai zuwa mu haɗu can, Azahar. Zan taso ta Oshodi da wuri saboda cunkoson gada. Bulus, ka same mu a ƙofa, daga nan ka kai mu mu ga babban cocin Marina. Bazazzagi, kuɗin motarka na wuyana, tunda ba haura iyaka za a yi ba.