Wace ce matar nan ta gidan sarautar Gilamz?

'Yar Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ke aikin jinya a Sikotilan ta aiko min hoton wani tsohon gidan sarauta, Gilamz suke ce masa. Mai yi musu jagora ya nuna musu wata kujera a ɗakin ibadar gidan, wai ba a zama kanta, an bar wa fatalwar wata mata da sarki ya ƙona. Ni fatalwar ba ta dame ni ba, a Maraɗi ma mun ji irinta. Abin da ya hana ni barci shi ne: ɗiyar wa ce? Ba ta da dangi ne har a cinna mata wuta suna kallo?

Tsohon malamin lakkwal: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai dangin ne suka ja mata. Sunanta Janet Duglas. Ubanta Joji ya mutu a yaƙin Fuloden a 1513, rana ɗaya da Sarki Jemis na 4. Shekara na zagayowa ɗan'uwanta Acibal, basaraken Angus na 6, ya auri matar marigayi sarkin, Magaret Tudo. Kin ga ke nan ɗanta Jemis na 5, da ya gaji ubansa yana jariri, ya zama agolansa. Da yaron ya tasa, Angus ya riƙe shi kamar fursuna yana mulki da sunansa, sai a 1528 ya kuɓuce. Angus ya tsere Ingila, sarki kuwa ya ƙullaci duk mai sunan Duglas. Janet na nan gida, dama ta auri Jon Layon na Gilamz, ya rasu, ta sake aure. Hannu bai kai ga jaki ba, aka dawo kan taiki. Ranar 17 ga Yuli 1537 aka ƙona ta a tudun ganuwar Edinbara.

Na Ɗan Gulbi: Malam, na ji an ce maita aka kama ta da ita.

Tsohon malamin lakkwal: Haka ya bazu a bakin mutane, ɗana, amma tuhumar ita ce shirya sa wa sarki guba da kuma taimaka wa 'yan'uwanta. Shaidun kuwa sai da aka gana musu azaba suka yi magana. Mijinta na biyu ya faɗo daga kan dutse garin tserewa daga kurkuku, ya mutu. Ɗanta Jon aka tsare shi, sarki ya ƙwace gidan. Bayan mutuwar sarkin a 1542 aka sake shi, aka mayar masa da gadonsa.

'Yar Bagalam: Innalillahi. To zuri'ar ta ɗore?

Tsohon malamin lakkwal: Sosai. Ta kan Jon ɗin gidan ya gangaro har zuwa Elizabet Bos-Layon, mahaifiyar Sarauniya Elizabet ta 2. Ga wani abin kuma: ɗiyar Jemis na 5, Sarauniya Meri, a 1565 ta auri Danli, jikan Angus ɗin nan da ubanta ya tsana. Ɗansu ne Jemis na 6, wanda ya haɗa sarautar Ingila da ta Sikotilan a 1603.

'Yar Bagalam: Ikon Allah! Na gode Malam. Bari in tura wa ƙanwata, don ita hoton kujera kawai ta ɗauko, ko sunan matar ba ta tambaya ba.