Yadda maigida zai ja hankalin yaran shago da labari

A hirar da wasu 'yan kasuwar Kejetia ta Kumasi, a Ghana, suka yi a unguwar Aboabo, dattawa sun ce faɗa ba ya zama a kan yaro, labari ke zama. In kana son ya daina wasa da kuɗin bashi, ba shi labarin fataken goro na zamanin da, da suka riƙa tashi daga garin Salaga zuwa Kano da dukiyar mutane, da yadda ake guje wa wanda ya ci amana. Labarin ya kasance gaskiya, gajere, kuma kada a kama sunan mai laifi gaban 'yan'uwansa. Wannan na ƙarshen ya fi kwanta mini. Wata hajiya mai atamfa ta ce a riƙa sauraron labarin yaran ma, su ke wuni da masu saye.