Wa ke tuna Iya mai raha?

Jikarta: Salamu alaikum 'yan uwa. Iya ta rasu makon jiya, ta haura shekara 90. Tun tana amarya ta baro ƙasarsu ta biyo kakanmu, shi kuma ya riga ta tafiya tun mahaifiyata na goye. Ina so in rubuta wa yaranmu labarinta. Waɗanda suka zauna da ita, me kuke tunawa?

Tsohuwar maƙwabciya: Allah ya jiƙanta, 'yata. Ni dariyarta nake tunawa. Har ta tsufa harshenta bai faɗa da yarenmu ba, in ta kwaɓa magana ita ke fara ƙyaƙyatawa kafin kowa. Da keken ɗinki ɗaya ta raini marayu, tana ɗinki tana waƙar garinsu, ƙafa na kan feda. Ban taɓa jin ta kai ƙarar rayuwa wurin kowa ba.

Ɗan ɗan'uwan mijinta: Ki nemi makullin nan da take ɗaurewa a bakin zane. Na gidan iyayenta ne, gidan da aka rushe tuntuni. Ki tambayi Goggo, tana wajenta.

Jikarta: Na gode, Kawu. Gobe zan kira Goggo.