Shawarar majalisar Agege ga mai tafiya Zanzibar

Aiki zai kai ƙanenmu tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya na wata uku, shi ne ya tambaya a majalisarmu ta Agege yadda zai riƙa cin Asabar da Lahadi. Waɗanda suka taɓa zama can suka yi ta zuba.

Wani dattijo ya ce masa, "Yaro, banda zumuɗi." Makon farko ya taka da ƙafa cikin tsohon garin Stone Town, don lungunansa sun fi ƙarfin mota. Bayan magariba ya gangara Forodhani wurin masu gasa kifi da matse rake, amma ya ji farashi kafin a ɗora a wuta. Wannan kam ba sai an koya wa mazaunin Legas ba.

Dajin Jozani mai jajayen birai a je da sassafe, tsibirin Changuu mai manyan kunkuru sai da kwalekwale. Wankan teku an fi yaba Nungwi da ke arewacin tsibirin Zanzibar, saboda a gaɓar gabas ruwa kan janye can nesa.

An ɗan yi musu kan tasi ko daladala (motar haya ta jama'a), araha ta ba daladala nasara. Maris zuwa Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, ya tafi da lema.