Muhawara: Wakilin Sarkin Ingila a gunduma, gado ne ko naɗi?

Bakano a Derby: Jama'a salamu alaikum. Ran da muka je bikin karɓar takardar zama ɗan ƙasa na wani abokina, an gabatar da wani dattijo fes da shi, aka ce mataimakin Lod Laftanan ne na gundumar Derbyshire, wato wakilin Sarki. Ya yi ɗan jawabi a gaban hoton Sarki Charles, ya gaisa da kowa, aka sha shayi aka watse. Na ce wa abokina ai wannan hakimi ne kawai, kuma na tabbata sarautar gidansu ce, uba ya mutu ɗa ya hau. Ya ce ƙarya ne. Ku raba mana.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Abokinka ya fi ka gaskiya, ƙanina. Sarki ne ke naɗawa bisa shawarar Firayim Minista, kuma in mutum ya cika shekara 75 sai ya sauka ko da ƙafarsa yake tafe. Wacce ke riƙe da Derbyshire tun 2020 ma mace ce, Elizabeth Fothergill, 'yar kasuwa. Ina gado a nan?

Ɗan Hakimi: Malam, ranka ya daɗe, a takarda kam haka ne. Amma kai da kanka ka san wannan gundumar. Daga 1766 har 1950 kujerar ba ta fita daga zuri'ar Cavendish ba, masu katafaren gidan Chatsworth, masu sarautar gado ta Duke na Devonshire. Wannan ya rasu, magajinsa ya karɓa. Shekara kusan 200 abu yana gida ɗaya ka ce mini ba gado ba ne? Mu ma ai hakimi sarki ke naɗa shi, ba ya naɗa kansa, amma kowa ya san gidan da rawanin zai faɗa. A Lancashire ma haka zuri'ar Stanley suka daɗe suna juya abin.

Malamin Tarihi: Ban musa lissafinka ba. Sai dai ka tambayi kanka me ya sa. Tun zamanin Henry na Takwas, a shekarun 1540, aikin Lod Laftanan shi ne tara mayaƙan sa-kai na gunduma in yaƙi ko tawaye ya taso. To wa zai iya tara mutane in ba mai gonakin da suke noma a ciki ba? Ƙasar ce ake gado, muƙamin yana bin ta a baya kamar jela. Da aka ƙwace ikon mayaƙan a 1871, ragowar kuma ta tafi a 1921, sai dalilin ya mutu. Shi ya sa a 1950 da Duke na goma ya rasu, ɗansa ya gaji Chatsworth da sarautar Devonshire, amma wakilcin Sarki aka ba wani daban, kuma ba wanda ya kai ƙara.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai tambaya ɗaya gare ni, nawa ake biyansu?

Malamin Tarihi: Ko sisi, Hajiya. Sai dai a mayar musu da wasu kuɗin da suka kashe a kan aiki.

Hajiya Mai Atamfa: To magana ta ƙare ai. Aikin da ba albashi, kullum kana hanya, yau tarbar ɗan sarki, gobe miƙa lambar yabo, jibi buɗe makaranta, wane direban bas ne zai iya? Ko ba a gadon kujerar, ana gadon aljihun da zai riƙe ta. Ku bar wahalar da kanku.

Bakano a Derby: Hajiya ta zo da nata salon. Amma ni fa har yanzu ina kan bakana, hakimi ne.

Ɗan Hakimi: A'a, nan kam na rabu da kai. Hakimi yana sasanta rikicin gona da na aure, dagatai na ƙarƙashinsa, talaka na zuwa ƙofarsa da kuka. Wannan kuwa kaki ne da takobi a ƙugu da yanka kirtani. Ya fi kama da wanda sarki ke turawa ɗaurin aure ya ce Mai Martaba yana gaisuwa.

Malamin Tarihi: Ku ƙara da wannan. Abin gado ba a ƙwace shi don ka je taro. A 1819 an tuɓe Earl Fitzwilliam daga wakilcin yammacin Yorkshire saboda ya halarci taron neman a binciki kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a Manchester, wanda ake kira Peterloo. Sarautarsa ta gado da gidajensa ba wanda ya taɓa, wakilcin kawai aka karɓe. A Scotland kuma, biranen Edinburgh, Glasgow, Aberdeen da Dundee, shugaban majalisar birni shi ne wakilin Sarki kai tsaye, zaɓe ke kawo shi.

Hajiya Mai Atamfa: Malam, ka ba ni sunan mutum ɗaya da ba ɗan gata ba.

Malamin Tarihi: Kenneth Olisa, da aka naɗa wa Landan a 2015. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa Baturiya, ita kaɗai ta raine shi a Nottingham cikin talauci. Ga Mohammed Saddiq a Somerset tun 2022, iyayensa daga Pakistan suka zo. Mace ta farko kuwa sai 1975 aka samu, Lavinia, matar Duke na Norfolk, a West Sussex.

Hajiya Mai Atamfa: Matar Duke! Shi kuma Olisan sai da ya tara dukiya a harkar kwamfuta kafin a tuna da shi. Ka ga maganata ko?

Malamin Tarihi: Na gani, Hajiya. Amma dukiyar guminsa ce, ba ta kakansa ba, kuma tambayar Bakano a kan gado take.

Bakano a Derby: To ni yanzu me zan gaya wa abokin nawa? Mun yi da shi wanda ya faɗi zai sayi tsire.

Ɗan Hakimi: Ka sayi tsiren, ɗan'uwa. Da a 1900 kuka yi musun, shi zai saya.